Kafin Ka Sa Jif Ɗinka a Tsohuwar Hanyar Dutsen Kagoro



Duk shekara in Sallah ta matso, ko ƙarshen shekara ya zo, za ka ga jama'armu sun ɗauko motoci sun nufi gida. Wanda Allah ya buɗa masa ya sayi jif ko Hilux, magana ɗaya ce a bakinsa: "Ai fowil ce, babu inda ba ta shiga." Ni ma na faɗi wannan maganar da bakina, kuma saura ƙiris ta kai ni ƙasan kwazazzabo.

Mahaifina fataucin shanu yake yi a kasuwar Lokpanta ta jihar Abiya, amma asalinmu Kafanchan ne. Ni ba makanike ba ne, karatuna ma a sakandare ya tsaya. Abin da zan faɗa a nan na koye shi ne a wurin tsohon direban Baba, wanda muke kira Kawu, mutumin da ya yi shekara sama da 30 yana jan babbar mota tsakanin arewa da kudu. Sauran kuma hanya ce ta koya mini da kanta, ranar da Baba ya aike ni wata ruga a gindin duwatsun Kagoro in duba bijimai shida da wani amininsa yake son sayarwa. Cikin watan Satumba ne, damina ta yi nisa.

Wace irin hanya ce?

Wanda ya taso daga Inugu ya bi ta Makurɗi da Lafiya da Akwanga da Gwantu, in ya wuce Gidan Waya zai fara hango duwatsu sun tokare sama. Duwatsun Kagoro ke nan, a ƙaramar hukumar Kaura, tafiyar 'yan mintoci daga Kafanchan. Su ne bakin tudun Filato ta wannan ɓangaren, kuma tsayinsu ya haura mita 1,200 daga matakin ruwan teku. Hadari yana son wurin. Damina takan kama tun Afrilu har Oktoba, kuma ruwan da ake yi a can ya fi na Kano da Katsina nesa ba kusa ba.

Hanyoyin dajin da ke zagaye da duwatsun sun girmi mota. Tun kafin zuwan Bature fatake daga Kano da Zariya suke ratsa wannan ƙasa da jakuna da shanu, suna sauka zango zango, su nufi Keffi da Lafiya har bakin Binuwai. Sunan Zangon Katab ma daga nan ya samo asali. Masarautar Jama'a an kafa ta wajen 1810 a Jama'an Daroro, ƙarƙashin Zazzau. Mutanen Kagoro kuwa, waɗanda ke kiran kansu Agworok, a kan dutse suka yi zamansu, kuma mahaya dawaki masu kai hari ba su ci su da yaƙi ba, don inda suke doki ba ya hawa. Daga baya layin dogo ya iso daga Fatakwal, Kafanchan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927, Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa garin a 1933. Masu haƙar kuza su ma suka buɗe nasu hanyoyi cikin daji. A wurin haƙar kuza ne ma aka fara tono mutum-mutumin yumɓu na Nok a 1928, kusa da Kwoi.

Me ya sa na kawo tarihi a zancen tuƙi? Saboda shi ne zai gaya maka irin hanyar da za ka taka. Ƙafar mutum da kofaton dabba ne suka zana ta. Mai tafiya a ƙasa ba ya zagaye tudu, miƙewa yake yi ya hau, shi ya sa hawan yake da tsini. Ba a yi mata kwalbati ba, ba a yi mata magudanar ruwa ba, don haka ruwan sama ya mayar da ita hanyarsa, ya zaizaye tsakiya ya bar duwatsu a tsaye. Daga baya ne a-kori-kura masu ɗauko citta da masara daga gonaki suka ɗan faɗaɗa ta. Da rani jar marmara ce mai ƙura. Da damina kuwa santsinta kamar an zuba miyar kuɓewa.

Menene fowil ɗin ma tukuna?

Motar gida ta yau da kullum tayoyi biyu ne injin yake juyawa, ko na gaba ko na baya, sauran biyun bin su kawai suke yi. Fowil kuwa tana da wani ƙaramin giyabos a bayan babban, wanda yake raba ƙarfin injin gida biyu, farfela ɗaya ta tafi gaba, ɗaya ta tafi baya. Shi ne direbobinmu suke kira ogzilari.

In ka duba Hilux za ka ga ƙaramar sandar giya kusa da babbar, ko wani maɓalli da ake murɗawa a sababbi, an rubuta H2 da H4 da L4.

H2 shi ne na kwalta, tayoyin baya kaɗai ke aiki. H4 na hanyar birji ne da yashi da laka mara zurfi, tayoyi huɗu na aiki kuma gudun bai canja ba. L4 shi ne na dutse. Yana rage gudun kowace giya kusan ninki biyu da rabi, ya ƙara ƙarfin ja daidai wannan gwargwado. Mota sai ta riƙa rarrafe kamar hawainiya, amma ba abin da ke tsayar da ita. Ba a shiga L4 mota na tafiya. Sai ka tsaya cak, ka taka kuloci, ko ka sa a N in otomatik ce. Tsofaffin motoci kuma suna da wani ɗan makulli a tsakiyar tayoyin gaba, sai ka sauko ka murɗa shi da hannu. In ka manta da shi, ko ka ja sandar ogzilari, tayoyin gaba ba za su kama ba.

Abu na farko da mutane ba su sani ba: ba kowane jif ne yake da L4 ba. Irin su RAV4 da Highlander da CR-V, da yawansu ma tayoyin gaba kaɗai ke ja, waɗanda ke jan huɗun kuma ba su da giyar rarrafe. Motocin gari ne masu ɗan tsayi. Prado da Land Cruiser da Hilux da Pajero su ne aka yi domin daji. Kafin ka yi alfahari da motarka, leƙa ka ga ko tana da L4.

Abu na biyu: kada ka bar Hilux a H4 a kan busasshiyar kwalta. In mota tana shan kwana, tayoyin gaba sun fi na baya yin doguwar tafiya. Ogzilari kuwa ya ɗaure su su juya tare. A kan ƙasa taya takan ɗan zame ta sauke wannan nauyin. A kwalta babu zamewa, sai nauyin ya taru a farfela da giyabos. Za ka ji sitiyari ya yi tauri, tayoyi na kuka a kwana. In ka ci gaba, aljihunka ne zai yi kuka a wurin makanike.

Abu na uku shi ne wanda ya fi ba ni mamaki. A tsakiyar kowane aksul akwai wani ƙullin ƙarfe, difarensha, wanda yake barin tayar dama da ta hagu su juya da gudu daban. Halinsa irin na ruwan ban-ruwa ne, inda ya fi sauƙi yake bi. In tayar gaba ɗaya ta ɗaga sama, ta baya ɗaya kuma ta faɗa cikin laka, waɗannan biyun ne za su yi ta juyawa a banza, masu riƙe da ƙasa kuma su tsaya. Ga ka da fowil, ga ka a kafe. Wasu motoci suna da maɓallin kulle difarensha na baya domin irin wannan wuri. In taka tana da shi, ka kunna kafin ka shiga wurin, ka kashe da zarar ka fita.

Hawa

Mun bar kwalta bayan mun wuce garin Kagoro ta hanyar Manchok, muka shiga birji. Kafin mu fara hawa Kawu ya ce in tsaya. Ya sauka ya rage iskar tayoyi. A kwalta akan sa wajen 30 zuwa 35 a ma'aunin mai faci, shi kuma ya sauke su zuwa wajen 25. Ya ce taya in ta ɗan yi laushi tana shimfiɗuwa ta rungumi dutse, mai tauri kuwa tsalle take yi. Amma in an rage da yawa, ko aka yi gudu da ita haka, tana iya fita daga rim ko gefenta ya yage. Shi ya sa ake tafiya da famfo, a mayar da iskar in an dawo kwalta.

Ƙa'idar hawa ba ta da yawa. Ka zaɓi giyarka tun daga ƙasa, L4 giya ta biyu in hawan yana da santsi, ta ɗaya in duwatsu ne. Ka riƙe totur daidai wa daida, kada ka canja giya a tsakiyar hawa, don da ka taka kuloci mota ta rasa ƙarfinta. In ka ga dutse a tsakiyar hanya, ka ɗora taya a kansa. Wanda ya sa dutse tsakanin tayoyi, difarensha ne zai buga, domin shi ne mafi kusa da ƙasa. Kuma ka fitar da manyan yatsunka daga cikin zoben sitiyari. Taya in ta bugi dutse sitiyari yana fizgewa, yana iya targaɗa yatsa.

In mota ta kasa hawa fa? Nan ne ake rasa rai. Kada ka yi ƙoƙarin juyawa a kan tudu. Da zarar mota ta ba tudu gefenta, nauyinta ya koma kan tayoyin ƙasa, kifewa ta zo kusa. Ka taka birki, ka sa ribas, ka saki kuloci gaba ɗaya, ka gangaro da baya a miƙe ta inda ka hau, injin yana riƙe da ita. Wanda ke tare da kai ya sauka ya tsaya a gefe inda kake ganinsa, yana nuna maka hanya, ga waigi a kusa da shi.

Ga 'yan uwana masu harkar dabbobi, ku ƙara da wannan: sa ɗaya a bayan a-kori-kura ya fi buhu goma hatsari a hanyar dutse. Buhu yana zaune inda aka ajiye shi, sa kuwa motsi yake yi, kuma nauyinsa a sama yake. In mota ta karkata shi ma sai ya jingina ta can. Shi ya sa har gobe koro shanu ake yi da ƙafa daga ruga zuwa bakin kwalta, a can tirela take jira.

Gangara

Mun isa inda hanyar mota ta ƙare, muka ƙarasa rugar da ƙafa. Na ga bijimai, na yi wa Baba bayani a waya daga kan wani tudu inda sabis yake kamawa. Muna shan fura hadari ya haɗo a saman dutse. Kawu ya ce mu tashi. Kafin mu kai mota an fara yayyafi.

A gangarar farko na yi abin da duk ɗan kwalta yake yi. Na ga mota tana ƙara gudu, sai na taka kuloci da birki tare. Wallahi ban taɓa jin abu irin wannan ba. Tayoyi suka tsaya, motar ba ta tsaya ba. Bayanta ya fara juyowa ta hagu, inda kwazazzabo yake. Ina murza sitiyari kamar ba a haɗe yake da komai ba.

Kawu ya daka mini tsawa: "Saki birki! Saki kuloci, ɗana!"

Zuciyata ba ta yarda ba, ƙafata ce ta bi umarni. Ina saki injin ya yi gurnani, tayoyi suka ci gaba da juyawa, motar ta miƙe. Da muka sauka ƙasa na tsaya, hannuna yana rawa. Kawu bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Yanzu ka san abin da fowil ba ta yi."

Ga bayanin. Fowil tana taimaka maka ka tafi, amma ba ta ƙara maka birki ko kaɗan. Kowace mota a duniya birkinta a tayoyi huɗu yake. Tayar da birki ya ƙulle a kan laka ta zama kamar takalmin roba a kan santsi, ba ta jin sitiyari. Tayar da ke juyawa ce kawai take bin inda ka nuna mata. Don haka a gangara injin ne birkinka. Ka tsaya tun a saman tudu, ka shiga L4 giya ta ɗaya, ka ɗauke ƙafarka daga kuloci, ka bar motar ta rarrafa. In otomatik ce ka saukar da ita zuwa L ko 1. Birki sai dai ɗan taɓawa a hankali in ya zama dole.

Akwai dalili na biyu. Birkin da aka daɗe ana takawa a doguwar gangara yana yin zafi har ya daina kamawa, man birki ma yana iya tafasa, musamman tsohon da ya sha danshi, sai ka ji feda ta nutse ƙasa babu komai. Duk direban da ya san Hawan Kibo a hanyar Akwanga zuwa Jos ya san manyan motocin da suka halaka a wurin. Masu sakin mota a firi don su rage shan mai, ku ji tsoron Allah. Man da za ka tsimi bai kai kuɗin likkafani ba.

Rafi

A gindin gangarar akwai wani ɗan rafi da muka tsallaka da safe, ruwan ko idon sawu bai kai ba. Da muka dawo ya zama jan ruwa mai gudu yana ɗauke da rassan itace. Abin da ya ɗaure mini kai, a inda muke yayyafi kawai ake yi. Ashe ruwan da aka zuba a saman dutse ne ya gangaro gaba ɗaya.

Na ce, "Kawu, ai in na sa L4 na taka za mu wuce."

Ya ce, "Sauka ka taka da ƙafarka tukuna."

Ban ko kai tsakiya ba ruwan ya wuce gwiwata yana neman ɗauke ni. Na dawo ban ce komai ba.

Wannan ita ce ƙa'idar ruwa: abin da ba ka iya ratsawa da ƙafa, kada ka sa mota. Ruwa mai gudu in ya kai jikin mota yana ɗaga ta, tayoyi su saki ƙasa, ya tafi da ita. Ko ruwan a tsaye yake, ka san inda injinka yake shaƙar iska. In ruwa ya shiga nan ya kai cikin injin, to shi ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sai ƙarafan ciki su lanƙwashe, musamman a injin dizal. Sababbin Hilux an ƙayyade musu zurfin santimita 70, kuma wannan a ruwa mai kwanciya ne da ƙasa mai tauri. In za ka shiga, L4 giya ta biyu, tafiya ɗaya ba tsayawa, ba canja giya, ba gudu. In mota ta mutu a cikin ruwa kada ka sake tayar da ita, a jawo ta waje a duba. Bayan ka fita kuma ka ɗan riƙa taɓa birki kana tafiya a hankali har ya bushe.

Masu hanya

Akwai abin da ya faru da safe da ban faɗa ba. A wani wuri taɓo ya cika hanya, gefe kuma ga gonar citta a shimfiɗe, ƙasarta a bushe. Na karya sitiyari zan bi ta gefen gonar. Kawu ya riƙe hannuna. Ya ce, "Wannan kunyar da kake gani, kuɗin makarantar 'ya'yan wani ne." Muka sauka muka jera duwatsu da rassa a cikin taɓon, muka wuce ta hanya.

Duk wanda ya san kudancin Kaduna ya san citta ita ce dukiyar manomi a Kachia da Jaba da Jama'a da kewaye, kuma cutar da ta afka wa citta a 2023 ta karya mutane da yawa. Ya kuma san irin rigingimun da wannan yanki ya sha, da yadda sau da yawa daga ɓarnar gona ake farawa. Mu da muke zaune a ƙasar wasu a kudu mun fi kowa sanin yadda laifin mutum ɗaya yake shafar al'umma gaba ɗaya. Manomin da ka taka wa gona ba zai riƙe lambar motarka ba. Hularka da harshenka zai riƙe, kuma makiyayin da ke kwana a wurin shi zai biya bashin bayan ka tafi.

Muna tsaye a bakin rafin nan wani dattijo ɗan Kagoro ya fito daga gona da fartanya a kafaɗa. Muka gaishe shi, Kawu ya ce, "Sannu Baba, ruwa ya tare mu." Ya dubi ruwan, ya dubi saman dutse, ya ce da Hausarsa mai kyau in ba a ƙara wani ruwan ba, kafin la'asar sakaliya zai sauka. Ya nuna mana wani dutse a tsakiyar rafin ya ce in kansa ya fito, mota za ta wuce, amma mu bi ta dama da shi, don hagu rami ne. Ya kai mu rumfar gonarsa muka fake, ya gasa mana masara. Haka kuwa aka yi. Bayan kamar awa uku kan dutsen ya bayyana, muka bi ta dama muka haye.

Babu wata na'ura a motar da ta san akwai rami a hagu. Shi ya sa matambayi ba ya ɓata. In za ka shiga irin wannan hanya, ka tsaya a ƙauyen ƙarshe ka gaida mai unguwa, ka faɗi inda za ka da abin da ya kawo ka. In da hali ka ɗauki ɗan gari ya raka ka, ka sallame shi da mutunci. Ka tambayi halin tsaro a ranar, ba labarin makon jiya ba. Ka shiga da safe ka fito kafin magariba. Kada ka ɗauki kuɗin ciniki a jiki, a yi ta banki in an dawo gari. Kuma ka gaya wa wani a gida lokacin da ya kamata ya ji muryarka, don akwai wuraren da waya ba ta kamawa.

In ka kafe

Kowa yana kafewa, har su Kawu. Da ka ji tayoyi na juyawa mota ba ta motsi, ɗaga ƙafarka. Ƙarin totur rami kawai yake haƙa maka har cikin motar ya zauna a ƙasa. Gwada ribas a hankali ta sawun da ka shigo. In ta ƙi, ka sauka ka kwashe lakar gaban tayoyi da shebur, ka ɗaga da jak a kan faffaɗan katako, ka cusa duwatsu da rassa a ƙarƙashi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak. In wata mota za ta ja ka, a ɗaura igiya a ƙugiyar da ke jikin shasi. Wanda ya ɗaura a bamba ko a ƙwallon jan tirela, abin yana iya ɓallewa ya taso kamar harsashi. Jama'a su ja baya nesa da igiyar kafin a ja.

Kayan da Kawu ba ya shiga daji sai da su: safaya mai lafiya, jak da katako, famfo da ma'aunin iska, shebur, adda, igiya mai ƙarfi, waigi, tocila, jarkar ruwa, da tanki a cike tun daga Kafanchan, domin L4 yana shan mai. Kafin tafiya kuma a duba birki da mansa, da ruwan lagireto, a gwada ogzilari a kan ƙasa a tabbatar yana shiga yana fita. Motoci da yawa da ke yawo a Legas sun yi shekaru ba a taɓa sandar nan ba, ranar da ake bukatarta sai a tarar ta ƙi.

Wane lokaci ya fi?

In yawon buɗe ido ne ya kawo ka, ka bari sai rani, daga Nuwamba zuwa Maris. Hanya ta bushe, rafuka sun ja baya. Ranar 1 ga Janairu ta kowace shekara mutanen Kagoro suke bikinsu na Afan, garin yana cika da baƙi. Ga kuma ruwan Matsirga mai zubowa daga dutse kusa da Kafanchan. Wuri ne mai kyau ƙwarai, ya cancanci a kai iyali su gani. In ka isa inda hanyar mota ta ƙare, ka ajiye ta ka hau da ƙafa kamar yadda masu wurin suke yi tun kakanninsu. Dutsen da ya gagari doki ba zai ji kunyar jif ba.

Bijiman nan shida, bayan kwana biyu aka koro su da ƙafa zuwa bakin kwalta, suka ratsa rafin nan ba tare da kowa ya damu ba, muka loda su zuwa Lokpanta. Da na ba Baba labarin gangarar, shiru ya yi, sannan ya ce kakana da sanda da ƙafa ya kai shanu har Inugu, bai taɓa gaggawar tsallaka ruwa ba. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Allah ya kai mu gida lafiya, ya dawo da mu wuraren neman abincinmu lafiya. Amin.